Ofishin lauyan da ya taɓa zaman kotun soja: abin da na gani da idona

Tun da maganar ƙanena ta lafa mutane ke ta tambayata wai wane lauya munka ɗauka, to bari in faɗi abin da na gani kowa ya huta. Suna dai ba zan kama ba, wanda ke da buƙata ya san inda zai same ni. Ofishin na nan cikin garin Sakkwato, saman wani bene, matakala matsattsa, Inna sai da ta huta sau biyu kafin mu kai.

Ƙanen nawa ƙaramin sojan ruwa ne, a Onne ta jihar Ribas ya yi tirenin, daga baya anka kai shi Warri. Da ciwon Baba ya yi tsanani ya karɓi fas, wato takardar izinin tafiya, ya taho gida, Baba ya rasu, yaro ya zauna zaman makoki ya zarce kwanakin da anka ba shi, wayarshi kuma a kashe. Yana komawa anka tsare shi, sai ji munka yi wai kot mashal za a yi mai, wato shari'a a kotun soja. Mu a Sakkwato in an ce soja Barikin Giginya muka sani, sojan ruwa ko sai a talabijin, ina ruwan da za a sa jirgin yaƙi a nan? Lauya biyu na fara zuwa wurinsu, dukansu masu kirki, amma ɗaya ƙiri-ƙiri ya ce min shi shari'ar fili da gado ya iya, kar in ɓata kuɗina.

Wani abokina ne ya yi min kwatancen wanga bawan Allah. Ɗan nan ne, ya yi karatun lauya, ya shiga sojan ruwa ta hanyar da ake ɗaukar masu digiri, ya yi aiki Legas da Kalaba, ya yi ritaya yana Kwamanda, wato daidai da Laftanar Kanar a sojan ƙasa. Shekaru ya yi yana zama joji adboket a kotun soja. Ni da na ji haka na ɗauka alƙali ne mai yanke hukunci, ina zama na ce rankai daɗe tunda kai ka saba ɗaure su ai ka san yadda ake kwance su. Ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce ƙanena, ni ban taɓa ɗaure kowa ba, ko ƙuri'a ba ni da ita. Sai ya jawo takarda ya zana min teburi: ga shugaban kotu a tsakiya, ga hafsoshi aƙalla 4 in babbar kotu ce, aƙalla 2 in ƙarama ce, su ke yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba kuma galibi ba lauyoyi ba ne, shi ko joji adboket, wato lauyan da ke gefe, aikinshi ya faɗa musu abin da doka ta ce, ya hana a shigo da shaidar da ba ta halatta ba, a ƙarshe ya tattara musu magana. Takardar nan har yau tana cikin aljihun motata.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai tahi a banza ba shi ne tambayar farko da ya yi, mi anka rubuta a takardar tuhuma? Ni ban ma san da bambanci ba, ashe zarce hutu ba izini daban, gudu daga aikin soja daban, na biyun sai an nuna mutum ba shi da niyyar komawa kuma hukuncinshi ya fi muni nesa ba kusa ba. Ya ce tunda yaro da ƙafarshi ya koma, wannan shi ne babban makaminmu. Ya sa na nemo takardar asibiti da ta rasuwa da fas ɗin, har tikitin mota. Ya buɗe littafin dokar sojoji, wadda asalinta dikiri ce ta 1993, duk ya sha jan biro, ya nuna min cewa wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauyan da yake so ko da farar hula ne, kuma hukunci ba ya zama sai hukumar da ke tabbatarwa ta sa hannu, in an ƙi yarda akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara har zuwa Kotun Ƙoli.

Inna ta ce mai Alhaji ka yi min alkawari za a sako min ɗana. Ya ce Hajiya ba zan yi miki ƙarya ba, ɗanki ya yi laifi, sassauci za mu nema. A lokacin haushi na ji wallahi, tsohuwa na kuka kana gaya mata haka, amma yadda ya faɗa haka abin ya kasance, an rage ma ƙanena girma, bai rasa aikinshi ba.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Mutumen nan ba ya ɗaga waya, sai ka kira sau biyar ka tura saƙo a WhatsApp, amsar da za ta zo kalma biyu ce kamar yana ba kurtu umarni. In ya ce ƙarfe 9 ka zo 9 da kwata to ranar ta wuce ka, amma shi ya taɓa shanya ni awa biyu a benci ba wuta ba fanka a watan Afrilu, ko sannu. Kuɗin ganinshi bai yi yawa ba, na tafiya Warri ne ya karya ni, jirgi da masauki duk a kaina, sai da na sai da ragon da nake kiwo na layya. Ya dai faɗa min tun farko kuma duk abin da na biya an ba ni rasit.

In naka na hannun soja, ka je da takardar tuhuma a hannu, ka je da wuri, ka kuma riƙe ruwan sha.