Shagon facin Farin Gada mai keji a ƙofa: aikin rim ya yi, ɗaurin noti da saura

Jos ba ta rasa tsofaffin motocin soja da suka koma neman abinci. Mercedes LA 911 mai jan gaba da baya, Steyr irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Bauchi, Bedford, jefi-jefi da Unimog. Su ke shiga wuraren haƙar kuza na wajen Bukuru da Barikin Ladi, su ke kwaso dankali daga ƙauyukan Bokkos idan damina ta cinye hanya. Injinsu makanikan Dilimi sun haddace shi. Ƙafa ce matsalar. Akasarinsu suna kan rim mai inci 20 mai zobe, wanda ake sa wa tiyub, kuma masu facin da suka taso a zamanin taya marar tiyub da yawansu ba su san sharrinsa ba. Shagon da ake magana a kai yana Farin Gada, ta ɓangaren da manyan motoci ke kwana. Maigida ne da yara huɗu. Ba allo, kejin ƙarfen da ke ƙofa shi ne alamarsa.

Sai an san rim ɗin za a gane amfanin kejin. Rim mai zobe ba guntu ɗaya ba ne. Akwai uwar rim, akwai zoben gefe da ke tare leɓen taya, a wasu kuma akwai na uku, siririn zobe mai tsaga da ke faɗawa cikin kwarmi ya kulle sauran. Ba noti ke riƙe su ba, iskar tayar ce ke danne su a mazauninsu. Iska psi 80 na nufin kilo 5.6 a kan kowane murabba'in santimita, gefen taya mai lambar girma 9.00-20 kuwa ya kusa murabba'in santimita 5,000. Mai son lissafi ya buga, ya haura tan 25. In zobe bai zauna daidai ba, wannan ƙarfin ne ke cillo shi, kuma ba ya zaɓen wanda zai samu.

Abin da ya fi burgewa a shagon shi ne jerin aikin, ba sa tsallake mataki. Mota na tsayawa sai a sa waigi gaba da bayan wata ƙafar, a ɗaga da jak, a tara katako a ƙarƙashin aksil. Kafin sufana ta taɓa noti ko ɗaya, sai an cire allurar bawul iska ta fita ƙaf. In ƙafar baya ce mai taya biyu, duka biyun ake sacewa, ko da ɗaya ce ta yi faci. Daga nan yaro ya zura siririyar waya cikin bawul, don laka ko guntun roba kan toshe shi, a ji shiru a ɗauka iska ta ƙare alhali tana ciki. Dalilin wannan wahalar: rim ɗin da ya tsage sau da yawa matsin noti ne kaɗai ke riƙe da shi, ana sassautawa ya tarwatse. Akwai kuma wani irin wili mai rabi biyu da ake haɗewa da nasa notuna, wanda ake gani a tsofaffin motocin sojan Ingila. Can da jan fenti ake shafa wa notunan don gargaɗi, amma bayan shekara 40 wa zai ga jan? Wanda ya kwance su da iska a ciki, ya zata na cire wili ne, ya buɗe wa kansa nakiya. Yaran shagon sun san bambancin, kuma wannan kaɗai ya isa a ba su maki.

Idan an warware, kowane ƙarfe sai ya sha burushin waya har ainihin jikinsa ya fito, musamman cikin kwarmin da zobe ke zama. Tsatsa ko busasshiyar jar laka ta ɗan milimita kaɗan ta isa ta hana zobe faɗawa. Maigidan yana ɗora zoben a kan shafaffen siminti ya duba ko ya murɗe, ya bi ramukan noti ɗaya bayan ɗaya yana neman tsaga ko ramin da ya koma kamar ƙwai. Yana kuma neman lambar da aka buga a jikin rim da ta jikin zobe. Kasancewar biyun inci 20 ba ya nufin gidansu ɗaya: kowane kamfani da siffar kwarminsa, kuma zoben da aka tsinto a Dilimi don ya yi kama zai iya shiga, ya riƙe mako biyu, ya fice a na uku. Ba sa miƙar da zobe da wuta, ba sa walda a rim. A nan suke rasa kwastoma, don akwai mai walda a kusa da zai yi ba musu. Walda a rim da taya a kai ita ce mafi muni: zafi yana dafa robar ta ciki, ta saki iska mai kamawa, tayar ta fashe ko bayan an kashe wuta da daɗewa, ko da an cire allurar bawul.

Wajen mayarwa, tiyub da filaf, wato shimfiɗar robar da ke raba tiyub da ƙarfe, suna shan hoda. Leɓen taya kuma ruwan sabulu, ba baƙin mai ba, ba gas ba, don su suna cin roba. Sabuwar taya ba sa yarda a mayar mata da tsohon tiyub, kuma da gaskiyarsu: tsohon tiyub ya riga ya saki, zai naɗe a ciki, naɗin nan ne ke tsagewa idan ya ɗau zafi.

Sai sa iska, inda kejin ke cin kuɗinsa. A waje ba sa wuce psi 3, abin da zai ɗan tayar da tiyub kawai, a zagaya a ga zoben ya kwanta ko'ina. Sannan a gangara da wilin cikin keji. Tiyon iskarsu mai maƙalewa ne a bakin bawul, dogo, gejinsa yana can hannun mai sawa, don haka ba wanda ke tsugune a gaban zobe. Mai sawa yana tsayawa ta gefen haƙoran taya. In an kai psi 40 leɓe bai hau ba, sai a sace a sake daga farko. Ba a buga wa zobe guduma da iska a ciki, wai don ya zauna. Bayan ta cika sukan sace ta gaba ɗaya su sake cikawa, tiyub ya miƙe. Kejin haɗin gida ne, na bututu mai kauri, ya isa 12.00-20 amma 14.00-20 ba ta shiga. Irin wannan sarƙa suke zagaya mata, wanda ya fi babu amma bai kai keji ba.

Wata ƙa'idarsu da direbobi ba sa so: tayar da aka yi tafiya a kanta bayan iskarta ta sauka zuwa kashi 80 cikin 100 ko ƙasa, misali mai psi 80 ta koma 64, ba sa ƙara mata iska a jikin mota. Sai an sauke an warware. Direba zai ce ai iska kawai ya zo sha. To, tafiya da lanƙwasasshiyar taya na iya gusar da zobe daga kwarminsa, kuma ba a gani daga waje.

Inda shagon ya gaza shi ne noti, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Ba su da sufana mai awo. Bututu suke zura wa wil-sufana, yaro ya hau ya yi tsalle. A lissafa: yaro mai kilo 60 a ƙarshen bututu mai mita 2 yana ba da ƙarfin ɗauri kusan Nm 1,200 tun kafin ya yi tsallen. Noti M22 na wili mai rami 10, irin mai faffaɗan washa, kusan Nm 600 yake so, masu zagayen baki na tsofaffin motoci kuma ƙasa da haka. Ninki biyu ke nan. Bol ɗin ba ya karyewa nan take, miƙewa yake yi, ya daina matsewa, sai wata rana a gangare ya gutsure. Abin mamaki, mutumin da ke bin kwarmin zobe da idon basira shi ne ke barin wannan. Suna kuma lafta wa zaren bol giris, wanda ke sa ɗaurin ya zarce ba a sani ba. Noti mai zagayen baki a bushe ake ɗaure shi, kuma mazauninsa ba ya son mai ko kaɗan.

Ba duka aka rasa ba a nan. Suna ɗaurewa a gicciye, wannan da na daura da shi, ba bi-da-bi ba. Sun san noti mai zagayen baki da mai faffaɗan washa ba sa musanya, tunda na farko shi ke daidaita wili a tsakiya, na biyu kuwa cibiyar hob, wato mazaunin wili a jikin aksil, ce ke yi. Sun kuma san motocin sojan Amurka irin su M35 zaren ƙafafunsu na hagu baibai yake, da harafin L a kan bol, kuma tayoyin baya noti biyu ne, na ciki mai kai murabba'i da na waje. Mai ɗaure na waje ya manta da na ciki bai yi komai ba. In bol ɗaya ya karye sukan nemi a canza shi da maƙwabtansa biyu, don su suka ɗauki nauyinsa. Duk da haka, mai mota ya zo da tasa sufana mai awo da adadin da ke littafin motarsa, ya tsaya a kai. Ba sa jin haushi.

Suna sayar da taya 'yan gwanjo, kuma a nan sai mai saye ya buɗe ido. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, abin da ke kasuwa shigo da shi ake yi. Tayar soja da ta kwana a sito kan zo da haƙora cif kamar ba ta taɓa ƙasa ba, kyan ɗan maciji ke nan. A duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In uku ne, kafin 2000 aka yi ta, a bar musu kayarsu. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa shekara 4 take ba taya daga ranar ƙira. Shagon ba ya ɓoye lambar, amma ba ya nuna ta sai an tambaya. Haka awon zagaye: tayoyi biyu da ke jere kada bambancin kewayensu ya wuce santimita 2, in ba haka ba babbar ta ɗauke kayan ita kaɗai ta yi zafi. A mota mai jan gaba da baya kuwa, rashin daidaito tsakanin gaba da baya giya yake ci. Suna da tef, sai dai a ce su auna.

Mai son rabuwa da zobe gaba ɗaya zai iya komawa rim 22.5 marar tiyub, in ya samu mai ramukan da suka dace da hob ɗinsa kuma bai taɓa durom ɗin birki ba. 10R22.5 ce ke maye gurbin 9.00-20, 12R22.5 ta maye 11.00-20. Wannan suna yi da kyau, sai dai irin haƙoran laka sun fi wuyar samu a wannan girman.

Boris da man hob ba aikinsu ba ne. Za su girgiza wilin sama da ƙasa yana kan jak, in akwai wasa su tura ka wurin makanike.

Kuɗinsu ya ɗara na masu facin bakin titi, kuma ƙafa ɗaya takan ci awa guda, don haka mai lodi a Farin Gada ya zo da sassafe. Sassafen ma shi ne lokacin awon iska, taya na sanyi: duk digiri 10 na canjin yanayi yana motsa geji da kusan psi 3, kuma a hunturun Jos tsakanin asuba da azahar ya fi haka. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan da sufana, wannan ba za su tuna maka ba. Wanda ya nufi Akwanga kada ya jira cikar lissafi, ya tsaya ya bi su kafin ya fara gangara Hawan Kibo, ya kuma duba ko akwai jan layin tsatsa da ya zubo daga gindin wani noti.