DietPi a kan Raspberry Pi: yadda ta yi min aiki a shago

Ina da shagon buga takardu a Kabuga, ba nisa da tsohon matsugunin Jami'ar Bayero, kuma akasarin masu zuwa wurina ɗalibai ne. Abin da nake nema shi ne 'yar na'ura da za ta haɗa firinta da kwamfutocin shagon, ta kuma ajiye fayiloli wuri guda, ba tare da ta cinye batirin sola ba. Shi ya sa na ɗauki 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, girmanta bai wuce katin banki ba. Na ɗora mata DietPi, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Debian (wani nau'in Linux) da aka rage wa nauyi. Ba ta zuwa da hotuna da tagogi, baƙin allo ne da rubutu, amma idan ka buga dietpi-software sai jerin manhajoji ya fito ka zaɓa. Daga nan na sa CUPS don firinta da Samba don fayiloli, suka hau lafiya lau.

Matsalar da ta fi cin raina ita ce na'urar ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, musamman idan an soka filashi. Wani abokin sana'a ya ce min: "Malam, sauke DietPi ɗin nan ka sa wata, ita ce ba ta da kyau." Ban sauke ba. Na buga umarnin vcgencmd get_throttled, wanda ke nuna ko wuta na isar na'urar, ta ba ni 0x50005. Ma'anarsa wuta ba ta isar ta a lokacin, har ta rage gudu, kuma hakan ya taɓa faruwa tun da aka kunna ta. Da komai daidai ne, 0x0 za a gani. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, tana kuma fara ƙorafi da zarar wutar ta yi ƙasa da 4.63. Cajar waya nake ba ta, ga kebul siriri mai tsawo da ke zubar da wuta a hanya. Da na samo caja mai ƙarfi da gajeren kebul mai kauri, maganar ta mutu. Ina roƙon duk wanda zai sayi irin wannan na'ura kada ya yi rowa a wajen caja, don a nan yawancin ciwon kan yake.

Sai katin memori. Kasuwa cike take da na jabu, a rubuta 64GB a jiki alhali cikin bai kai haka ba. Ina gwada kowane kati da H2testw, manhajar da ke auna ainihin girman kati, kafin na ɗora masa komai. A nan ne DietPi ta fi burge ni: tana rubuta bayanan ayyukanta na yau da kullum a cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar, maimakon kan katin, don haka katin ba ya saurin gajiya. Sai dai idan aka ɗauke wuta bayanan sun tafi ke nan, kuma su ne mai neman gano matsala yake buƙata. Idan ina bin sawun wata matsala sai na canza saitin ya koma rubutawa a kati, in na gama na mayar. Na kuma sa na'urar a layin inbata, domin yankewar wuta tana cikin rubutu kan lalata katin, kuma ina ajiye kwafi a filashi da dietpi-backup.

Zafin Kano ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. A watan Afrilu, da rana tsaka, umarnin cpu yana nuna min na'urar tana dosar digiri 80, inda take fara rage gudu don ta kare kanta. 'Yar fanka da ƙarfen shan zafi sun wadatar, sai dai a hunturu ƙura kan cika fankar, dole a riƙa gogewa.

Akwai wata matsala da ba kowa zai yi zato ba. Pi 4 ba ta da agogo mai batir, daga intanet take ɗaukar lokaci. Ranar da data ta ƙare ta tashi da tsohon kwanan wata, kuma muddin agogon bai daidaita ba, apt, manhajar da ke sauko da sabbin manhajoji, kan ƙi sabunta su. Ɗan agogo DS3231 mai ƙwayar batir ya magance wannan. Pi 5, wadda ta fito a 2023, ta zo da nata agogon, batir kawai za a saya mata.

Wanda bai taɓa buga umarni a baƙin allo ba zai sha wuya a makon farko, kuma menu ɗin duk da Turanci yake. Amma mai shago ko ɗalibin da ke da haƙurin karanta abin da allo ya rubuta, ina ba shi shawarar ya gwada DietPi. Yanzu haka ina koya wa yaron shagona dietpi-config, don ya iya gyara saitin Wi-Fi idan ba na nan.