Gargaɗi ga masu basɗa (rumfar sayar da kaya) da masu haɗa taro a Jidda da Makka: ana sayar da takardar inshora ta bogi

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka da kewaye. Akwai wasu da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp da Snapchat suna tallar cewa za su fitar wa mutum da ruhusar baladiyya (lasisin sana'a na hukumar gari) haɗe da takardar ta'amin (inshora) cikin kwana ɗaya, ba sai ya taka ƙafarsa ko'ina ba. Waɗanda suka fi hari su ne iyayenmu mata masu sana'ar abinci, da samari masu gasa siriya (tsire), da kwamitocin da ke kama istiraha (gidan taro na haya) don bazar (kasuwar baje koli) ko shagalin Sallah. Takardar nan ta bogi ce. Kar wanda ya tura musu ko halala ɗaya.

Abin da ya sa damfarar take cin mutane shi ne an gina ta a kan gaskiya. Yanzu a ƙasar nan ba a kafa rumfa a wurin taro haka kawai. Ruhusar shago da ta motar sayar da abinci ta manhajar Balady ake nemansu, mai taɓa abinci sai da shahadar lafiya, Difa'ul Madani ('yan kwana-kwana) na da nasu sharuɗɗan na kariya daga gobara, taron nishaɗi kuma yana da hukumarsa da aka kafa tun 2016. A cikin takardun da ake iya nema wurin mai haɗa taro, ko shi ya nema wurin masu rumfa, akwai inshorar alhakin cutar da wani. Ita ce wadda za ta biya idan tukunyar gas ɗinka ta ƙona ɗan mutane, ko tanti ya faɗo wa baƙo, ko wayar lantarkin da ka ja ta kama yaro. Ba kayanka take karewa ba, mutanen da ka jawo wa asara take biya a madadinka. Mutum ya ji wannan jerin takardu kansa ya ɗau zafi, sai ga wani da muryar Hausa tsantsa yana ce masa: "Hajiya kar ki damu, mu muna da mutum a ciki."

Na riƙe ɗaya daga cikin takardun nan a hannuna. Wata baiwar Allah ce mai masa da sambusa ta kawo wa maƙwabcina ya duba mata, bayan ta biya riyal 900. Daga nesa ba ka ce komai ba: tambarin wani sanannen kamfanin inshora a sama, hatimi shuɗi a ƙasa, har da lambar nan mai murabba'i da ake haskawa da waya. Da aka haska, maimakon shafin kamfani, sai ta buɗe lambar WhatsApp ɗin wanda ya sayar mata. Sunanta an rubuta shi da wani salon rubutu daban da na sauran takardar, alamar goge na wani aka yi aka ɗora nata. Babu adireshin wurin da za ta yi sana'ar, babu adadin kuɗin da kamfani zai biya idan wani abu ya faru. Babu rasiɗin haraji, alhali tun Yulin 2020 harajin kaya da hidima kashi 15 cikin ɗari ne, kuma kamfani na gaskiya yana rubuta shi a fili da lambar harajinsa. Kuɗin kuwa asusun wani mutum ta tura, ba na kamfani ba. Da aka kira kamfanin da ke kan tambarin aka karanta musu lambar, suka ce ba su san da ita ba.

Wannan ita ce mai sauƙin ganewa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta "mun saka ki a ƙarƙashin babbar inshorarmu". Za a nuna miki takarda ta gaske, ta wata mu'assasa (kamfani mai rajista) ta gaske, a ce ku ashirin ne a ciki, kowa ya kawo kasonsa. To inshora ba laima ba ce da kowa zai raɓa ya fake. Wanda aka rubuta sunansa ake biya wa, a kan sana'ar da aka rubuta, a wurin da aka rubuta, a tsakanin ranakun da aka rubuta. Idan takardar ta mu'assasar gine-gine ce a Riyad, ke kuma kina suya a wata istiraha a Harazat ta Jidda, ranar da mai ya zubo wa yaro kamfanin ba ruwansa da ke. Akwai kuma masu sayen inshora ta gaske, su ɗauki hotonta su raba wa mutane, sannan su koma su soke ta a mayar musu da abin da ya rage na kuɗi. Hoton yana nan a wayarki, inshorar ta mutu tuni.

Jama'a, riyal 900 ba ita ce asarar ba. Diyyar rai a kisan kuskure a Saudiyya riyal 300,000 ce, banda kuɗin asibiti, banda gyaran wurin mutane idan wuta ta ci. Matar da ke tara ribar masa tana aika wa 'ya'yanta kuɗin makaranta a Kano ko Zinder, ina za ta samo wannan? Kuma wanda ya ƙone ɗin galibi namu ne, ɗan maƙwabciya ne, jikan wadda kuke zubin adashe tare. Shi ma an cuce shi, don ya shigo wurin da aka ce akwai kariya alhali babu. Bayan haka ga takardar jabu a hannunki da sunanki a kai, ke za a fara tambaya daga ina ta fito, mai sayarwar kuma ya riga ya jefar da layinsa.

Dole in faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Babu takardar inshorar da za ta gyara wa mutum matsayinsa. 'Yan uwanmu Hausawa masu jinsiyya (takardar zama ɗan ƙasa) suna da ikon neman ruhusa da sunansu. Mai igama (baƙo mai katin izinin zama) kuwa da ke sana'ar kansa ba da izini ba, hukuncin da hukuma ke sanarwa yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6 da tarhil (kora daga ƙasa). Wanda kuma ya ce "ki yi da sijillin wane", wato rajistar kasuwancinsa, wannan shi ne tasattur, fakewa da sunan wani a yi sana'a, dokarsa ta 2020 tana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. 'Yan damfarar sun san da wannan, shi ya sa suke zaɓar waɗanda suka tabbata ba za su iya kai ƙara ba. Ni a ganina wannan ne ya fi muni a cikin lamarin: mutum ya san halin da ɗan uwansa ke ciki na tsoro, ya mayar da tsoron abin cinsa.

Da can ba za su samu wannan damar ba. Lokacin da mutane ke unguwannin Sabil da Karantina da Gulail a Jidda, mu'aƙƙib (mai bin takardun mutane a ofisoshin hukuma) sananne ne, an san gidansu, an san masallacin da yake sallah, idan ya ci amana akwai dattijon da za a kai shi gabansa. Tun da aka rushe unguwannin nan daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 jama'a suka warwatsu, zumunci ya koma waya. Yanzu hoton mutum da farar jallabiya da saƙon murya mai "ranki ya daɗe" sun isa a yarda da shi.

Tantancewa kuwa ba ta da wahala. Harkar inshora tun 2023 tana hannun Hai'atut Ta'amin (hukumar kula da inshora), bayan shekarun da ta yi a ƙarƙashin babban bankin ƙasar, kuma a shafinta akwai sunayen kamfanoni da dillalan da aka ba lasisi. Wanda babu sunansa a can ba shi da hurumin sayar maka da inshora, ko da ɗan ɗakinku ne. Lambar kamfani kuma a shafin kamfanin za ka ɗauka, kar ka kira wadda ke jikin takardar da aka turo maka. Ka karanta musu lambar wasiƙar, ka tambayi sunan wanda aka yi wa, da ranar farawa da ta ƙarewa, da iyakar abin da za su biya, da kason da kai za ka ɗauka kafin su sa hannu. Masu abinci ku tambaya musamman ko gurɓacewar abinci tana ciki, don sau da yawa sai an ƙara ta daban. Kuɗin hukuma ta tsarin biyan kuɗi na SADAD ake biyansa da lambar fatura (takardar neman biya), ba a tura shi asusun wani. Idan mai haɗa bazar ya ce inshorarsa ta haɗa da masu rumfa, ya nuna muku inda aka rubuta hakan. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan tambayar ba.

Sai batun Nafath da Absher, manhajojin gwamnati na tabbatar da shaidar mutum da hidimomin hukuma. Wasu daga cikinsu inshorar ma hanyar shiga ce kawai. Za su ce "yanzu lamba za ta fito a wayarki, ki danna ta don mu kammala ruhusa". Duk wanda ya danna ya buɗe musu ƙofa su yi abu da sunansa, ko layin waya, ko asusu, ko bashi. Babu kamfanin inshora ko ma'aikacin baladiyya da zai nemi lambar sirrin da ta shigo wayarka.

Wanda ya riga ya biya, ya adana saƙonnin da rasiɗin turawa, kar ya goge komai don kunya. Ya kira bankinsa nan take, ya shigar da rahoto ta manhajar Kulluna Amn ta jami'an tsaro, saƙon tes na damfara kuma ana tura shi zuwa 330330. Dokar damfarar kuɗi ta 2021 tana kaiwa ɗaurin shekara 7, saboda haka ba ƙaramin laifi suke yi ba. Wanda yake jin tsoron zuwa da kansa ya samu wani babba mai cikakkun takardu a cikinmu ya shige masa gaba. Idan kuma taronku ya matso, takardar da ke hannunku daga irin mutanen nan ta fito, ku sanar da mai istirahar yau, ku dakatar da kunna gas a wurin har sai kamfani ya tabbatar muku da bakinsa cewa sunanku yana cikin rajistarsa.