Hutun iyali da Green Card: Kanada ko Faransa?

Uba da uwa suna da fasfon Najeriya da Green Card (katin izinin zama na dindindin a Amurka), yara kuwa haihuwar Amurka ne, fasfonsu na Amurka. Ina za a nufa?

Kanada ta fi sauƙi. Mai Green Card ba ya buƙatar biza, tun 2022 ma aka ɗauke masa izinin eTA (izinin shiga da ake nema ta intanet kafin a hau jirgi). Idan ta jirgin sama za a bi, fasfo mai rai da katin sun wadatar. Yara da fasfonsu kawai.

Faransa kuma wani zance ne. Can fasfo ake dubawa, Green Card ba ta da wani tasiri a bakin iyakar Schengen (rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, har da Faransa). Yaran za su shiga babu biza har kwana 90 cikin 180, amma iyayen sai sun nemi biza: Yuro 90 kowane babba, inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, takardar banki, ɗaukar zanen yatsu, sannan jiran da yakan kai kwana 15. Abin dariya, jariri ya wuce, uba na layi.

Idan hutun gajere ne, ni dai Toronto zan nufa. Paris sai an fara shiri tun da wata biyu ko uku.