Rigunan matashin kujera na ɗinkin hannun Kashmir masu zanen zamani: ko sun cancanci kuɗinsu?

Rigunan matashin kujera da ake ɗinkawa da hannu a Kashmir, musamman a Srinagar da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sun daɗe da barin furanni da ganyaye kaɗai, domin yanzu da yawansu suna ɗauke da zane irin na Kandinsky, mai zane ɗan Rasha da ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus daga 1922 zuwa 1933, ko na Miró ɗan Sifaniya. Zane ne na da'irori da layuka da launuka masu ƙarfi wanda galibi ba ya kwaikwayon wani abu da ido ya sani. Galibinsu murabba'i ne mai kimanin santimita 45, da zif a baya, kuma ba a haɗa su da matashin ciki.

Ƙarfin kayan yana cikin ɗinkin. Ana amfani da wata ƙugiya mai kama da kwarashi, wadda suke kira ari, a ja zaren ulu ta cikin yadin auduga mai kauri, a yi ɗinkin sarƙa har sai an rufe fuskar yadin gaba ɗaya. Saboda mai ɗinkin yana bin gefen kowace siffa yana kewayawa zuwa tsakiyarta, da'irorin Kandinsky suna fitowa da kyau ƙwarai, har haske yakan sauya launin idan mutum ya canza wurin zama. Siffofin Miró masu lanƙwasa ma sun dace da wannan hannu. Inda na ga rauni shi ne zane mai miƙaƙƙun layuka irin na Mondrian, mai zane ɗan Holland, domin ɗinkin sarƙa ba ya son kusurwa, kuma layin yakan ɗan karkace.

Wanda ya saba kallon aska takwas a ƙirjin babbar riga ba zai ga wannan ado baƙo ba, kuma gidan da ba a son hoton mai rai zai samu zaɓi, sai dai a duba na Miró da kyau, tunda wasu siffofinsa tsuntsaye ne ko mutane.

Aibinsu a fili yake. Ulu yana da kaushi da zafi, don haka na ado ne a falo, ba na ɗora kunci ba. Yana kama ƙurar hunturu, kuma ja da baƙi suna iya zuba idan aka jiƙa su, saboda haka a kai su wurin masu wankin da ba sa sa ruwa. Kafin a biya, a lura da girman ɗinkin: na hannu ba ya zuwa daidai ko'ina, na inji kuwa tamkar an auna shi. Biyu sun ishi doguwar kujera mai launi ɗaya. Idan kujerar tana da nata zanen, gara a haƙura da su.