Sharhi a kan wani garejin gyaran injin ban ruwa da ke yankin Kura

Lambuna yana wata fadama a yankin Kura ta jihar Kano, nesa da magudanan da ke kawo ruwan madatsar Tiga, don haka duk noman ranin da nake yi ya dogara ne ga rijiyar burtsatse mai gajeren zurfi da injin ban ruwa guda ɗaya mai bakin inci 3, wanda ke ɗauke da injin Honda GX160. Da bazara ta kama, aka kwashe albasa, tumatir ya ja baya, hankalin kowa ya koma kan sharar gona da kai taki, sai na ɗauki injin da famfon feshi na kai su wani gareji da ke bakin titin Kano zuwa Zariya, kusa da Kwanar Gafan. Shekara uku ke nan ina kai aiki wurin, kuma ina ganin hakan ya isa a ce na san abin da suka iya da abin da ba su iya ba.

Wurin rumfar kwano ce kawai da benci biyu da tarin gawar injuna a gefe, sai maigidan da yaransa uku. Abin da ya fara jan hankalina tun zuwan farko shi ne bai sa sifana a jikin injin ba sai da ya tambaye ni awa nawa yake aiki a rana, yaushe rabona da canza baƙin mai, kuma ruwan rijiyata yana zuwa da yashi ko a tace yake. Makanikai da yawa da zarar ka ce injin ya rage ƙarfi sai su ce ringi ne, domin a canjin ringi ake samun kuɗin aiki mai kauri. Shi kuwa sai ya tayar da injin, ya saurare shi, ya dubi launin hayaƙin, sannan ya kwance fulogi ya nuna mini yadda bakinsa ya yi baƙi ƙirin da busasshen toka, alamar fetur yana yi wa iska yawa. Da aka buɗe matatar iska sai ga ta a toshe da ƙurar hunturu kamar an shafe ta da laka. Laifin nawa ne, domin ƙa'idar masu injin ita ce a tsabtace matatar bayan kowace awa 50 na aiki, a yawaita fiye da haka inda ƙura take da yawa, ni kuwa tun daga watan Disamba ban waiwaye ta ba.

Inda garejin ya fi burge ni shi ne aikin kafireto. Maigidan ba ya barin yara su taɓa shi. Da hannunsa yake kwance ƙoƙon da ke ƙasa, ya zubar da ruwa da dattin da suka kwanta, ya cire jet, wato ɗan bututu mai ƙaramin rami da fetur ke bi, ya wanke da fetur mai tsabta ya hura da iska, kuma bai yarda a zura waya ko allura a ramin ba, saboda ramin yana ƙara faɗi ko da ido bai gani ba, daga nan injin ya koma shan mai fiye da kima har abada. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, domin kuɗin mai ya zama kaso mai nauyi a hidimar mai noman rani, kuma tankin wannan injin, da ke cin lita 3 da ɗan ɗoriya, ana jin bambancin saurin ƙarewarsa a aljihu. Bayan ya mayar da kafireton ya daidaita tazarar bakin fulogi da ma'auni, tsakanin milimita 0.7 da 0.8 kamar yadda aka tsara, maimakon ya ƙwanƙwasa shi a kan benci ya kimanta da ido.

Akwai wata na'ura a cikin wannan injin da ke kashe shi idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma sananniyar ɗabi'a ce a fadamu a cire wayarta da zarar injin ya fara mutuwa a tsakiyar ban ruwa. Ni kaina na taɓa roƙonsa ya cire mini ita, ya ƙi, ya ce mini, Malam, injin da ke cin baƙin mai da bai wuce lita 0.6 ba, kuma ake girke shi a karkace a bakin rijiya, wannan wayar ce kaɗai ke tsakaninsa da ƙonewa. Ya shawarce ni in riƙa sa katako a ƙarƙashinsa don ya zauna daidai, in kuma canza mai bayan kowace awa 100. A lokacin na ji haushi, amma tun da na bi maganarsa injin bai sake mutuwa haka kawai ba.

Ɓangaren famfon da ke zuƙo ruwa a jikin injin ma ya san shi. Ya buɗe gidan farfela, ya nuna mini yadda yashi ya cinye gefenta, ya kuma canza sil ɗin da ke hana ruwa ratsawa zuwa wajen injin, wanda ya fara ɗiga. Ya bayyana cewa abin da ya fi kashe sil shi ne tayar da injin ba tare da an cika gidan famfon da ruwa ba, domin ruwan ne ke sanyaya shi, kuma gudu na ɗan lokaci a bushe ya isa ya lalata shi. Da na yi ƙorafin cewa ruwa yana ja baya a watan Afrilu, bai ɗora wa injin laifi ba, ya ce irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce kimanin mita 8 ko da sabo ne fil, saboda haka idan ruwan ƙasa ya sauka a bazara mafita ita ce a haƙa rami a sauke injin kusa da ruwan, a kuma toshe duk wata kafar da iska ke shiga a mahaɗar tiyon zuƙa.

Game da kayan gyara, yana ajiye iri biyu ya faɗa maka gaskiyar kowanne. Kasuwa ta cika da injuna ƙirar Sin da aka kwaikwaya daga GX160, waɗanda ake kira 168F, kuma yawancin kayansu suna shiga jikin na asali. Ya ba ni shawarar in sayi mai araha a abubuwa irin su igiyar tayarwa da murfin tanki, amma kada in yi rowa a sil da fulogi. Tsoffin kayan da ya cire kuwa a leda ya ƙulle ya miƙo mini, abin da ba kowane bakanike ke yi ba.

Sai dai garejin yana da nasa aibu, kuma na farko shi ne alkawari. An ce in dawo bayan kwana biyu, sai da na yi sawu uku a cikin mako guda, domin duk wanda ya zo da injin da ya mutu alhali shukarsa tana tsaye, shi ake fara dubawa. Ina fahimtar dalilin, amma da an gaya mini gaskiyar ranar tun farko da ban ƙona man babur a banza ba. Ba sa rubuta rasit, farashin aiki kuma sai an yi ciniki, wanda ke nufin baƙo zai iya biyan fiye da ɗan gida. Baƙin man da suka juye daga injuna a ƙasa yake malala bayan rumfar, kusa da hanyar da ruwan sama ke bi zuwa gonaki.

Aikin famfon feshi kuwa ban gamsu da shi ba ko kaɗan. Yaro aka bar wa, ya canza robar ciki daidai, amma na gan shi yana hura kan feshin da bakinsa, alhali tankin mai lita 16 bai daɗe da ɗaukar maganin ciyawa ba, kuma da ya ga kan ya tsufa sai ya sa mini irin wanda ke fesawa a zagaye, na maganin ƙwari, a madadin mai baza ruwa a faɗi wanda ake feshin ciyawa da shi. Da na nuna wa maigidan ya tsawata masa ya canza, amma a fili yake cewa feshi ba fanninsu ba ne. Wankin tankin ma da kaina na yi a gida, sau uku da sabulu, tunda ragowar maganin ciyawa kaɗan ta isa ta nannaɗe ganyen tumatir.

Kafin in ɗauki injin ya shirya mini shi don ajiyar damina ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ya juye fetur daga tanki da kafireto don kada ya daskare ya zama danƙo, ya kwance matoshin ƙasa ya tsiyaye ruwan gidan famfo, ya ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi, sannan ya ja igiya a hankali har ta yi tauri, wato bawul duka biyu sun rufe, danshi ba zai shiga ba. Bara haka ya yi, kuma da na fito da injin a watan Nuwamba ja biyu ya tashi. Wanda zai kai injin ban ruwa wurin, ya kai shi da bazara, ya yi cinikin aiki kafin a kwance ko da noti ɗaya, ya kuma bar famfon feshinsa a gida.