Gargaɗi ga masu jan tirela da a-kori-kura: kada ku sayi akwatin "ƙarin ƙarfi"

Jama'a, akwai wata damfara da ta daɗe tana yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma cikin waɗanda take kamawa akwai masu a-kori-kura mai amfani da dizal, musamman masu ɗaura mata tirela suna hawan tsauni da kaya. Ɗan akwatin roba ne da bai fi cikin tafin hannu ba, wanda ake sokawa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makanike ke jona kwamfutarsa in zai duba lafiyar mota. Mai talla zai ce maka kana sokawa injinka zai ƙara ƙarfi, mai zai ragu, hawan da kake yi da giya ta biyu za ka koma yin sa da ta huɗu. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ƙarya ce da ke iya jawo asarar inji, har da ta rai.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne NitroOBD2, ja na masu dizal, rawaya na masu fetur, sai ɗan uwansa EcoOBD2 da ake cewa yana rage shan mai. A jikin kwalin an rubuta ƙarin ƙarfi kashi 35 cikin ɗari, ƙarin ƙarfin ja kashi 25. A shekarar 2017 masu bincike na kamfanin Quarkslab da ke Faransa suka sayi ɗaya suka farke shi. Ba su sami sashen da ke iya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, a cikinsa ba. Suka jona shi a mota suka saurari layin da sassan motar ke magana da juna ta kansa, ba su ga ya aika saƙo ko ɗaya ba. Abin da kawai yake yi shi ne kunna 'yan fitilunsa suna ƙyaf-ƙyaf. Soket ɗin nan mai ƙafa 16 ne, ƙafa ta 16 kuwa kullum tana ɗauke da wutar batir, don haka ko mota a kashe take akwatin na samun wuta. Mutum ya ga fitila tana walƙiya, sai ya ɗauka aiki ake yi a ciki.

Wayon ya fi fitowa a takardar bayanin. Ana ce maka sai ka yi tafiyar kilomita 200 kafin akwatin ya "koyi" yadda kake tuƙi. Kafin ka cika wannan tafiya ka manta ainihin yadda motar take ja a da, kuma tunda ka biya kuɗi, zuciyarka na son ta ga canji. Ƙafarka da kanta za ta ƙara taka totur ba ka sani ba. Daga nan ne ake samun masu rantsuwa cewa abin ya yi musu aiki, kuma yawancinsu ba ƙarya suke yi da gangan ba. In kuwa ka gane da wuri ka nemi mai sayarwa, sau da yawa za ka tarar ya rufe shagon ya buɗe wani da sabon suna, sabon launin kwali, kayan ciki ɗaya.

Da a ce asarar ta tsaya kan kuɗin akwatin, da ban tsaya rubuta wannan ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne direban da ya yarda injinsa ya ƙaru da kashi 35, sai ya ƙara lodi a tirela daidai da abin da ya yi imani da shi. Injin yana nan yadda yake, kuloci yana nan, birki yana nan. A tsakiyar hawa motar ta fara nishi, allurar zafi ta miƙe, gudu ya faɗo, ga tirela mai nauyi a baya tana janyo shi. In ya samu ya kai sama, to saura gangara, inda nauyin da ya ƙara zai hau kan birkin da ba a ƙera shi don ɗaukarsa ba. Birkin da ya yi zafi sosai yana daina kamawa, kana taka shi yana tafiya.

Akwai nau'i na biyu, shi kuma ya fi na farko mugunta domin yana aiki. Shi ba a soket ake saka shi ba, ana jona shi ne tsakanin sensa da wayarta, galibi sensar da ke auna matsin mai a bututun da ke ciyar da nozul. A cikin masu arha daga cikinsu ba komai sai resista guda, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke bi ta waya. Aikinta ta sa ƙwaƙwalwar mota ta karanta matsin ƙasa da yadda yake, sai famfo ya ƙara turo mai. Injinan dizal na zamani dama suna aiki da matsin da ya kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi na bar, ka ga ƙari a kan wannan ba wasa ba ne ga famfo da nozul. Za ka ji motar ta ɗan zabura, gaskiya ne. Amma an ƙara mai ba a ƙara iska ba, sakamakon shi ne baƙin hayaƙi da zafi. Masu jan kaya da suka san aikin suna tsare zafin hayaƙi kafin ya shiga turbo, na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta tura wa inji ƙarin iska, kada ya daɗe sama da kimanin digiri 675 zuwa 700 a ma'aunin Salsiyas. Fiston na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660. Abin da ke ceton fiston shi ne man inji da ke sanyaya shi ta ƙasa da kuma gajeren lokacin da wuta ke taɓa shi. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kana taka totur na 'yan daƙiƙu ka saki, zafin ya sauka. A doguwar hawa da tirela kuwa totur a ƙasa yake minti goma ko fiye, ga iskar saman tsauni ba ta da kauri, turbo na juyawa fiye da ƙima don ya cike giɓin. A nan ne bakin fiston ke narkewa, ko gaskit ya ƙone, ko turbo ya tashi daga aiki. Allurar zafin ruwa da ke dashbod ba za ta gaya maka da wuri ba, domin ruwa take aunawa, ba hayaƙi ba.

Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai da ƙarfen da ake cusawa a bututun iska wai don ya murɗa ta, su ma sahu ɗaya ne da akwatin soket ɗin. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada sama da kayan rage shan mai guda 100, ba ta sami wanda ya yi wani tasirin a zo a gani ba.

Ku duba yadda masu ƙera mota ke samo lambar nauyin da suke rubutawa cewa mota za ta iya ja, sai ku gane girman rainin hankalin. A Amurka akwai ƙa'idar da ake kira SAE J2807. Cikin gwajinta akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona, kimanin kilomita 18, ana hawa kusan mita 900, zafin gari aƙalla digiri 38, na'urar sanyaya ɗaki a kunne har ƙarshe, kuma a-kori-kura mai taya ɗaɗɗaya a baya ba a yarda gudunta ya gaza kilomita 64 a awa ba. Inji, lagireto, giyabos da birki duk tare aka gwada su kafin a buga wannan lamba. Akwati ɗaya da aka ce yana yi wa kowace mota aiki, ba tare da an tambaye ka sunan injinka ba, ba shi da abin da zai ƙara a kan wannan.

Ana iya ƙara wa injin dizal ƙarfi da gaske, ban musa ba. Amma mai yin sa na gaskiya zai tambayi samfurin injin da shekararsa, ya sake rubuta tsarin ƙwaƙwalwar motar, ya ɗora ta a na'urar awon ƙarfi kafin da bayan aikin ya ba ka takarda. In ka ce masa tirela kake ja, zai ba ka ƙari kaɗan ne, ya kuma nace ka saka agogon zafin hayaƙi. Zai faɗa maka garantin kamfani na iya faɗuwa. Wanda ya ce a cire matatar hayaƙi a salansa kuwa, ka sani a ƙasashe da yawa wannan laifi ne.

Kafin ma a kai ga haka, motoci da yawa da ake kuka da su a hawa ƙarfinsu ne ya zube, ba wai ba su da shi ba. A canza matatar mai da ta iska. A bi tiyon da ya taso daga turbo zuwa sanyayar iska a shafa shi da hannu, in ka ga maiƙo a bakin kilif ko ka ji fito lokacin da kake taka totur, to iska na tsiyaya ta nan. A wanke fuskar lagireto da ƙura da ƙwari suka toshe. A hau sikeli da mota da tirela a loda, a gwada da lambar da ke littafin motar. Sannan a sauke giya tun kafin hawa ta fara, a bar injin yana juyawa da sauƙi, domin danne shi a babbar giya yana gurnani shi ne ke tara zafi. A gangara a sauko da giyar da aka hau da ita.

In akwatin yana jikin motarka yanzu, na soket ɗin zare shi kawai, babu abin da zai canza. Na sensa kuwa a cire shi a mayar da waya yadda take, a sa makanike ya duba nozul da turbo kafin ka sake ɗaura tirela.